Burkutu

Burkutu, wanda ake kuma kira burukutu, nau'in giya ne na gargajiya da ake dafawa da tsiron dawa, wani lokaci a haɗa da gero. Ana yin sa a Najeriya da Nijar da Benin da Gana. Launinsa ja-ja ne zuwa ruwan ƙasa, yana da kauri har ba a hango gindin ƙwarya ta cikinsa, kuma babban abin da ya bambanta shi da giyar kwalba shi ne tsami. Ƙarfin barasarsa yawanci yana tsakanin kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari. Ana shan sa ne yana kan tsimuwa, kumfa na tasowa, saboda haka ba ya ajiyuwa: tukunyar da aka buɗe yau, bayan kwana biyu ko uku tsami ya ci ƙarfinta.

A ƙasar Hausa an fi danganta burkutu da Maguzawa da Aznan Nijar, sai kuma unguwannin baƙi na garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa. Musulunci ya haramta shi kamar kowane abu mai sa maye, kuma a Jihar Zamfara, ciki har da Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, dafa shi da sayar da shi da shan sa laifi ne a doka tun shekarar 2000.

Suna da kalmomin da suka shafe shi

Giya ita ce babbar kalma a Hausa, tana rufe ta tukunya da ta kwalba. Barasa a bakin mutane da yawa ta fi karkata ga mai ƙarfi wadda aka tatso ta hanyar tururi, ko da yake rediyo da jaridu suna amfani da ita ga kowace iri. Bammi ruwan itace ne da ake tsaga daga kwakwar manja ko tukurwa, ba shi da alaƙa da hatsi. Daga tushen sha aka samu mashaya, wurin sha, da mashayi, mai yawan sha. A zancen masu sha akan sakaya a ce ruwa kawai, kuma da wannan ma'anar kalmar ta zo a waƙar Mamman Shata mai suna A Sha Ruwa. A ɗaya ɓangaren, Mu'azu Haɗeja ya rubuta Waƙar Giya don jan kunne a kanta. Kalmar ta shiga salon magana ma: in an ce giyar mulki na ɗibar wani, ba a nufin ya kurɓi komai.

Ɗan'uwan burkutu na kusa shi ne fito. A Gana da tsakiyar Najeriya ana ce masa pito, amma da yake Hausa ba ta raba p da f a matsayin sautuka biyu masu canza ma'ana, sai ya zama fito. A rubutun yau da kullum, inda ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, wannan fito yana kama da fito na baki da kuma fito na ƙetare kogi, alhali a furuci kowanne daban yake. Haka maye na buguwa da maye mai kama kurwa: a takarda ɗaya ne, a kunne biyu ne. Tsakanin abubuwan shan biyu kuwa, fito an fi tace shi, ya fi tsinkewa da zaƙi-zaƙi. Burkutu ya fi kauri da tsami.

Maƙwabta suna da irinsa da wasu sunaye: cukutu a arewacin Benin da Togo, dolo a Burkina Faso da Mali, bilbil a arewacin Kamaru da Cadi, otika a ƙasar Yarbawa.

Yadda ake dafa shi

Dahuwar burkutu aikin mata ne a kusan duk inda ake yin sa, kuma daga jiƙo zuwa sha tana ɗaukar kimanin mako guda.

Ana fara jiƙa dawa ta kwana a ruwa, a tsane ta, a baza a wuri mai inuwa, a rufe da ganye ko buhu, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana uku zuwa biyar sai ta tsiro. A nan asirin aikin yake. Ƙwayar dawa cike take da sitaci, yisti kuwa ba ya iya cin sitaci, sukari yake ci. Idan ƙwaya ta fara tsiro, tana fitar da wasu sinadarai da ake kira enzayim, waɗanda aikinsu shi ne su narkar da sitacin ya koma sukari don ciyar da ɗan tsiron. Mai dahuwa tana barin ƙwayar ta tara waɗannan sinadarai, sannan ta katse tsiron ta hanyar shanya shi a rana kafin ya cinye abincin da kansa. In ya bushe sai a ɓarza.

Dawa tana da wata matsala da sha'ir na Turai ba shi da ita. Sitacinta ba ya dahuwa sai da zafi mai yawa, zafin da zai kashe enzayim ɗin da ake bukata. Matan da ke wannan sana'a sun warware matsalar tun kafin a san sunan enzayim. Sukan dama garin tsiron da ruwa su bar shi ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama su ajiye gefe, domin a cikinsa yawancin enzayim ɗin suka narke. Su ɗora gindin mai kauri a wuta ya dahu sosai, sannan su sauke su mayar masa da ruwan da suka ajiye. Dafaffen sitaci ya haɗu da enzayim mai rai, sai zaƙi ya fito. Masu dolo a Burkina Faso suna ƙara yauƙin karan kuɓewa ko ɓawon dargaza don tsaki ya kwanta da sauri. A kudancin Najeriya wasu suna ƙara garin rogo don ƙara yawan sitaci da rage tsada.

Daga nan akan bar ruwan ya kwana ya yi tsami, kamar yadda gasarar koko take yi. Washegari a tace, a mayar kan wuta a tafasa na awoyi da yawa har ya ragu ya yi duhu. Tafasar tana tsayar da tsamin a inda mai dahuwa take so. In ya huce a zuba a manyan tukwane ko randuna, a sa masa guntun tsohon burkutu ko busasshiyar lakar gindin tukunyar baya, wadda cike take da yisti. Cikin dare ɗaya sai ya fara tashi yana kumfa, kuma tsakanin kwana ɗaya zuwa biyu ya isa sha. Dusar da aka tace ba a zubar da ita, abincin dabbobi ce, shi ya sa a wurare da yawa kiwon alade yake tafiya tare da dahuwar giya.

A yau gangar ƙarfe da ta roba sun maye gurbin tukwanen ƙasa a wurare da yawa, saboda sun fi ɗauka kuma ba sa fashewa.

Ɗanɗano da ƙamshi

Wanda bai taɓa kusantar burkutu ba ya riga ya san rabin ɗanɗanonsa, in dai ya sha koko ko nono ko kunun zaƙin da ya wuni. Tsamin farko na burkutu shi ne wannan tsamin. Bakteriya masu yin asid ɗin laktik, dangin waɗanda ke mayar da madara nono, su ne suke kawo shi. Tsami ne mai laushi, wanda ke zama a gefen harshe ba tare da ya hau hanci ba.

Tsami na biyu daban ne, kuma shi ne tambarin burkutu. Da yake tukunyar a buɗe take iska na shiga, wasu bakteriya da ake kira Acetobacter suna kama barasar da yisti ya samar suna mayar da ita asid ɗin asetik, wato tsamin ruwan khal. Wannan shi ne mai kaifi, mai bugun hanci tun kafin ƙwarya ta kai baki. A 1973 masana uku 'yan Najeriya, Faparusi da Olofinboba da Ekundayo, sun wallafa bincike kan ƙwayoyin halittar da ke cikin burkutu. Sun nuna ma'aunin tsami na pH yana saukowa daga wajen 6.4 zuwa wajen 3.7 cikin kwana biyu, kuma burkutun da ya nuna yana ɗauke da asid ɗin asetik kimanin kashi 0.4 zuwa 0.6 cikin ɗari. A giyar kwalba irin wannan adadi lalacewa ce, kamfani zai zubar. A burkutu kuwa masu sha suna neman sa, matuƙar bai wuce gona da iri ba.

Bayan tsamin akwai bauri. Jar dawa tana da wani sinadari a ɓawonta da ake kira tanin, irin wanda ke sa bagaruwa da ɗanyen goro su ɗaure baki. Shi ke ba burkutu wannan ɗaurewar a ƙarshen kurɓa. Farfara tana ba da mai haske da sauƙin bauri, ƙaura kuma tana ba da mai launin ɗorawa-ɗorawa. Ba a sa wa burkutu furen hops, wanda ke ba giyar kwalba ɗacinta, don haka baurin dawa ne yake tsayawa a gurbin ɗaci ya hana zaƙi yin gundura.

Wuta ma tana barin sawunta. Awoyin tafasa a kan itace suna sa sukari ya soyu a jikin tukunya, sai a ji ƙamshi mai kama da na maɗi ko ƙanzo, da ɗan hayaƙi-hayaƙi. In mai dahuwa ta yi sakaci gindi ya kama, ƙauri ya shiga, babu abin da zai fitar da shi. Yisti kuma yana fitar da ƙamshi irin na 'ya'yan itace da suka nuna sosai, kamar ayaba, duk da ba a sa ɗan itace ko ɗaya ba. A baki yana da gari-gari kamar kunu, saboda sitacin da bai narke ba da yistin da ke yawo a ciki, kuma iskar da ke tasowa tana ɗan cizon harshe. Ba a sanyaya shi. A ƙwarya ake sha, da ɗumin rana.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta shi ne burkutu ba shi da ɗanɗano guda tsayayye. Ƙwayoyin da ke cikinsa ba su mutu ba, suna aiki har a cikin ƙwaryar mai sha. Da safe, sabon saukewa, zaƙi ne a gaba, barasa kaɗan, kumfa da yawa. Da yamma zaƙin ya ja baya, ƙarfi ya ƙaru, tsamin nono ya fito sarari. Washegari tsamin khal ya fara mulki. Tukunya ɗaya ce, amma wanda ya zo da hantsi da wanda ya zo bayan faɗuwar rana ba abu ɗaya suka sha ba. Littattafan da ke ba da adadi guda na ƙarfin burkutu suna ɓoye wannan, domin adadin ya dogara da awa nawa tukunyar ta yi.

Kwatanci da giyar tsami ta ganga

Burkutu yana cikin dangin giya mai tsami, kuma dangin yana da reshe a Turai da ya ɗauki wata hanya dabam. A ƙasar Beljiyam, a birnin Brussels da yankin Pajottenland da ke kwarin kogin Senne, ana yin wata giya mai suna lambik da tsiron sha'ir da ɗanyen alkama. Ba a sa mata yisti. Akan zuba tafasasshen ruwan a wani faffaɗan kwano marar zurfi a saman bene, a bar tagogi a buɗe ya kwana, ƙwayoyin iska su sauka a ciki. Sannan a ɗura a gangunan katako, yawanci na itacen da Turawa ke kira oak, a bar shi shekara ɗaya zuwa uku. Gidan Cantillon, wanda aka kafa a 1900 a unguwar Anderlecht, har yanzu haka yake yi.

Idan aka zuba wa lambik 'ya'yan ceri masu tsami da ƙwallonsu aka bar su watanni a ganga, sai a samu kriek. A da ceri na garin Schaarbeek ake amfani da shi. Yisti yana cinye sukarin 'ya'yan itacen kaf, ya bar launi ja da ƙamshi da tsami, ƙwallon kuma ya ba da ɗan ƙamshin almon. Saboda haka kriek na gargajiya ba shi da zaƙi ko kaɗan. Masu zaƙin da suka cika kantuna ƙara musu aka yi daga baya. A cikin gangar wani yisti mai jinkirin aiki, Brettanomyces, yana ci gaba da cin abin da yistin farko ya bari, yana ba da wari da masu sha ke kwatantawa da na fata ko na bargar doki, kuma a wurinsu yabo ne.

Ana yawan zaton amfanin gangar shi ne ta ba giya ɗanɗanon katako. A lambik ba haka ba ne sosai, domin tsofaffin ganguna ake so, waɗanda katakonsu ya riga ya gaji. Amfaninta biyu ne: ƙananan ramukan katako gida ne ga ƙwayoyin da suka saba da wurin, kuma katakon yana barin iska ta shiga kaɗan-kaɗan. Tsohuwar tukunyar ƙasa tana yin aiki na farko daidai wa daida. Jikinta yana riƙe yisti daga dahuwa zuwa dahuwa, shi ya sa masu dahuwa suke fifita tsohuwar tukunya a kan sabuwa, kuma burkutun wannan gida yake bambanta da na wancan ko da dawa ɗaya suka saya.

Inda suka rabu shi ne lokaci. Ana dafa lambik ne a watannin sanyi kawai, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, lokacin da ƙwayoyin da ke lalata abinci suke kwance. Ana sa mata tsohon furen hops, wanda ɗacinsa ya tafi amma ƙarfinsa na hana wasu bakteriya yaɗuwa bai tafi ba. Gangar kuma a cike take a toshe. Burkutu ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. A arewacin Zamfara zafin bazara yana haura digiri 40 a watan Afrilu, tukunya a buɗe take, ga sitaci ya rage a ciki wanda ke ciyar da kowace ƙwaya da ta faɗo. Abin da ke ɗaukar lambik shekara yana faruwa ga burkutu cikin kwana uku, sannan ya zarce. Wannan ne ya sa ba a taɓa samun al'adar tsufar da giya a yankin ba, kuma ya sa sana'ar ta zauna a hannun mata a gidajensu: abin da ba ya jure tafiya ko ajiya, dole a dafa shi kusa da masu shan sa.

Ta fuskar 'ya'yan itace, wanda ya fi dacewa da irin wannan aiki a ƙasar Hausa shi ne nunu, ɗan itacen danya, mai tsami da ruwa, wanda yara ke tsotsa. A nan an fi sanin danya da turmi da akushi da ake sassaƙawa daga itacenta. A kudancin Afirka kuwa, inda ake kiranta marula, ruwan 'ya'yanta ake tsimawa ya zama giya, kuma bikin shan ta na arewacin Namibiya ya shiga jerin al'adun da UNESCO ta amince da su a 2015.

Tarihi a ƙasar Hausa

Kafin Musulunci ya game ƙasar, giyar dawa ba abin nishaɗi kaɗai ba ce. Ana zuba ta a wurin tsafi, ana ba wasu iskokin bori da ake ɗauka arna ne, ana sha a biki da mutuwa, kuma da ita ake sallamar 'yan gayya bayan noma. A gidan Musulmi fura ko kunu ne suka ɗauki wannan gurbi na gayya. Joseph Greenberg, wanda daga baya ya shahara da rarraba harsunan Afirka gida-gida, ya fara ne da zama cikin Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930, kuma littafinsa na 1946 ya bayyana addininsu. Guy Nicolas ya yi irin wannan aiki a kwarin Maraɗi. A tsakanin Maguzawa da maƙwabtansu Musulmi, masu harshe ɗaya da noma iri ɗaya, shan giya da salla suna cikin manyan alamomin da ake gane wane ne wane. Barin giya na daga cikin abubuwan farko da ake sa ran gani ga wanda ya musulunta.

Zamfara tana da matsayi na musamman a wannan tarihi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara a ƙarshen shekarun 1780, kuma ƙanensa Abdullahi ya rubuta cewa a lokacin yawancin mutanen ƙasar ba su san Musulunci ba. Bayan an fara jihadi a 1804, Fulanin Alibawa na yankin Zurmi sun kasance cikin manyan mayaƙansa, kuma Namoda, wanda garin Ƙaura Namoda ke ɗauke da sunansa, yana cikin jagororinsu. Daga faɗuwar Alƙalawa a 1808 yankin ya shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato, inda giya ta zama abin da alƙali ke hukunci a kai. Ta ci gaba da rayuwa ne a ƙauyukan waɗanda ba su musulunta ba.

Turawan mulkin mallaka sun zo da nasu tsarin. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, kuma Ingila ta sa Arewacin Najeriya cikin yankin hani. An hana sayar wa 'yan ƙasa barasar waje, amma Turawa suna sha, kuma an sassauta wa baƙi 'yan Kudu da ke zaune a Sabon Gari. Jirgin ƙasa ne ya kai wannan tsari cikin ƙasa. Layin dogon da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, nan ne ƙarshensa, kuma ya kawo ma'aikatan jirgi da akawuna da masu sayen gyaɗa da auduga daga sassan ƙasar da shan giya ba abin kunya ba ne. A garuruwan layin dogo na Arewa, unguwar baƙi ita ce inda mashaya take, kuma ba baƙin kaɗai ke zuwa ba.

Wani juyi ya zo a 1988, lokacin da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir. Kamfanonin giya da na lemon malt sun koma ga dawa. Tun daga nan wani kaso na dawar da manoman Arewa ke kai wa kasuwannin hatsi yana ƙarewa a masana'antun Kudu, inda ake tsirar da ita bisa ƙa'idar da matan karkara suka daɗe da sani.

Hukunci a addini da doka

Haramcin giya ya sauka a Alƙur'ani daki-daki, a Suratul Baƙara aya ta 219, da Suratun Nisa'i aya ta 43, sannan hani na ƙarshe a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, ba a duba abin da aka yi giyar da shi, inabi ne ko dabino ko dawa: duk abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Haddin sha bulala 80 ne.

Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, ita ce ta fara faɗaɗa shari'ar Musulunci zuwa laifuka a Najeriya ta yanzu. Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da ita a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000, kuma jihohi goma sha ɗaya suka biyo baya. Dokar hukunta laifuka ta shari'a tana hawa kan Musulmi ne, amma rufe mashaya da soke lasisin sayar da giya sun shafi kowa da ke jihar. 'Yan Hisba ne ke kamawa da fasa abin da aka kama. A jihohin shari'a gaba ɗaya, kasuwannin barikin soja, da yake ƙasar gwamnatin tarayya ce, sun zama inda hannun dokar jiha ba ya kaiwa. Wani ɓangare na harkar kuma ya ƙetara iyaka zuwa Nijar, inda doka ba ta hana ba, ko da yake a Maraɗi ma masu zanga-zanga sun far wa mashaya a watan Nuwamba 2000.

Burkutu ya fi giyar kwalba wuyar ɓoyewa. Yana bukatar kwanaki na shanya a fili, itace mai yawa, hayaƙi na awoyi, ga wari da maƙwabta za su ji. Ƙwaya da ruwan magani kuwa suna shiga aljihu. A shekarun baya-bayan nan damuwar iyaye da malamai da hukumomi a arewa maso yamma ta fi karkata ga tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yi da shigowa da shi a watan Mayu 2018.

Iyaka tsakanin kunu da giya

Tambayar da ta shafi gidajen da ba ruwansu da burkutu ita ce ta kunun zaƙi. Wasu masu yin sa suna sa tsiron hatsi ko dankalin Hausa don ya yi zaƙi ya tsinke, wato matakin farko na dahuwar giya ke nan ba ragi. Abin da ya rage tsakaninsu yisti ne da lokaci. Kunun zaƙin da aka dama yau aka sha yau abinci ne, tsaminsa na laktik ne, barasar da ke ciki ba ta kai a ambata ba. In aka bar shi a jarka cikin zafi ya kwana biyu, har murfi ya kumbura yana huci in an buɗe, to yistin da ke iska ya kama aiki. Haka zoɓo da ruwan tsamiya da aka sa wa sukari.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan iyaka a babin nabizu, ruwan da ake jiƙa dabino ko zabibi a ciki. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna Annabi (SAW) yana shan irin wannan jiƙo har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage kuma a ba wani ya sha nan take ko a zubar. Alamar da malamai suka kafa ita ce tashi da kumfa da ƙarfi, ba tsami ba. Tsami shi kaɗai ba ya haramta abu, in ba haka ba da nono da koko sun shiga ciki. A ɗaya ƙarshen kuma, malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye da kanta ta zama khal ta halatta.

Lafiya

Ana yawan cewa burkutu abinci ne, kuma akwai gaskiya a ciki: yana da sitaci da furotin da bitamin na rukunin B daga yistin da ba a tace ba. Amma barasar da ke cikinsa ita ce dai ta kwalba, kuma da yake ana shan sa ƙwarya bayan ƙwarya tsawon wuni, abin da ke shiga jiki ba kaɗan ba ne. Illarsa ga hanta da ƙwaƙwalwa da ɗan da ke ciki ɗaya ce da ta kowace giya.

Yana da wasu haɗurra nasa na kansa. Tsiron dawa yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanayid, wanda shi ne ke kashe shanun da suka ci gyauron dawa. Murje saiwoyi da tsiron bayan shanya, da doguwar tafasa, su ke rage shi. Dawar da ta yi fumfuna a rumbu ko a wurin tsiro tana iya ɗaukar gubar afalatoksin, wadda tafasa ba ta kashewa kuma tana da alaƙa da kansar hanta. Tsamin giya yana cin jikin gangar ƙarfe, kuma a kudancin Afirka likitoci sun daɗe da gano taruwar sinadarin ƙarfe a hantar masu shan giyar dawa da aka dafa a irin waɗannan ganguna. Gangar da aka taɓa zuba maganin feshi ko fenti a ciki ta fi wannan muni. Inda sana'ar ta koma ɓoye kuma babu mai duba ruwan da aka yi amfani da shi, ko abin da wasu masu sayarwa ke ƙarawa don ya yi saurin bugarwa. Mace-macen da aka yi a jihohin Ondo da Ribas a 2015 ba daga burkutu suka fito ba, daga ogogoro ne mai gubar metanol, wanda ake tatsa ta hanyar tururi.